Jirgin Baffa Daga Kankiya Zuwa Kusada

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Baffa, yayan mahaifina, ya amsa kira a farkon daminar bana, gero bai kai gwiwa ba, bayan 'yar gajeruwar jinya da ba ta wahalar da shi ba, ba ta kuma wahalar da mu ba.

A rumfar da muka kafa a ƙofar gida, waɗanda suka fara cika tabarmi su ne tsofaffin abokan aikinsa na sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Bayan an shafa fatiha, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wanga bawan Allah ya taɓa sa mu tone kwalbati bayan ta bushe, wai ta karkace da faɗin yatsa biyu." Suka kwashe da dariya, sannan kowa ya kai hannun riga ga idonsa. Manoman Kunduru kuwa sun baro noman fari suka zo cikin a-kori-kura. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce shi da maƙwabcinsa sun kusa fitar da jini kan iyakar gona, Baffa ya je da igiyar awo ya wuni da su a rana, yau ga shi jikokinsu sun auri juna. Limamin unguwa ya ce yanzu bai san wa zai riƙa bin shimfiɗun masallaci yana daidaita bakinsu kafin a tada salla ba.

A cikin gida, Inna, matar Baffa, ba ta ɗaga murya ba. Da na shiga gaishe ta sai ta dubi ɗakinsa ta ce, "Shekara da shekaru ina faɗan ya rage mani kukan jirgin nan. Yau ga gida ya yi tsit, na rasa inda zan sa kaina."

Wani baƙo da ya zo daga Kano ya ji masu acaɓa na tasha suna tambayata, "To yanzu jirgin Baffa hwa?" Ya matso ya yi mini raɗa, "Wane jirgi kuma? Na ɗauka babu layin dogo a garin nan." Gaskiyarsa, babu. Tambayar tasa ce ta sa na ga ya kamata in rubuta wannan, don kada nan gaba a rasa mai ba da amsa.

Baffa safiyo ne. A Kusada aka haife su, shi da mahaifina da babbar yayarsu, Gwaggo. Yana saurayi aiki ya kai shi Funtuwa, a can ya fara ganin jirgin ƙasa, kuma bai warke daga wannan gani ba har ya koma ga Allah. Ya so ya zama direban jirgi, kakanmu ya ce ba ya son ɗan da kullum yana kan hanya. Sai ya haƙura ya dawo gida, ya ƙare aikinsa yana auna hanyoyi da filaye. Da mahaifina ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauke ni. Sunan kakanmu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Babana". Ko faɗa zai yi mini, da Babana yake farawa, faɗan ya rasa kaifi.

Ba ya rabo da ƙaramin tef na awo a aljihun gaba. In ya zo gidanka barka, kafin a kawo ruwa ya auna ƙofar zaurenka ya gaya maka ɓarin da ya fi tsawo. Shayinsa ba madara. Goro kuwa rabi yake ci, ya miƙa wa na kusa da shi rabi, ko da bai san shi ba. In aka kawo masa maganar da aka yanke ta da gaggawa sai ya ce, "Ku bi ta a hankali, ƙasa ma ba ta tsalle."

Ina da shagon buga takardu da kwamfuta a bakin titin Kano zuwa Katsina. Bayan Baffa ya yi ritaya, nan ya mayar wurin hira. Wata rana da kasuwa ta yi sanyi na buɗe wani wasa na tuƙin jirgin ƙasa da ke cikin kwamfutata. Ban ankara ba sai na ji numfashinsa a bayan kunnena.

"Babana, wanga jirgi ina za shi?"

"Ƙasar Turawa ce, Baffa."

"Babu na nan wajenmu?"

"Babu. Sai dai in mutum ya zauna ya gina hanyar da kansa. Akwai wurin gini a ciki."

Ya jawo kujera. "To mi muke jira?"

Na ɗauka marmari ne na kwana biyu. Mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa, ya zauna yana koyon riƙe linzamin kwamfuta, tabarau a kan karan hanci. Da fari in ya nufi gabas kibiyar sai ta yi yamma, ya ce mata, "Ke, dawo nan." Kafin rani ya fita ya fi ni sanin ma'ajiyar itatuwa da gidaje ta cikin wasan. Na gyara masa wata tsohuwar kwamfuta na kai masa gida, aka jona ta da solar da yake kunna fanka.

A cikin wasan nan ƙasa ba shimfiɗa guda ba ce. Gunduwa-gunduwa take, kowace mai kusurwa huɗu, sai ka jera su baki da baki har su yi maka nisan da kake so. Baffa ya raɗa musu suna tabarmi. A kan kowace tabarma akwai ɗigo-ɗigo da ake ja sama a yi tudu, ko a danna ƙasa a yi kwari. Bayan haka sai ka shafa launin ƙasa, ka dasa itatuwa, ka kafa gidaje, ka shimfiɗa dogo. In mutum ɗaya ne yake ƙara tabarma a gaban tabarma, sabuwar tana ɗaukar tsayin ta baya, babu matsala. Rigima tana zuwa ne in an gina wurare biyu dabam, aka zo haɗa su daga baya.

Mu kuwa haka muka yi, kuma Gwaggo ce dalili. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta take zaune a gidan Baffa. Hanyar mota tana jijjiga mata ƙashi, ta daɗe rabonta da Kusada. Ko da ta je ma, gidan da aka haife su an rushe shi tuni, shaguna ne a wurin. Baffa ya ce zai gina mata Kusada ta ƙuruciyarsu ya kai ta a jirgi. Don aiki ya yi sauri muka raba. Ni na ɗauki Kankiya ta yau, daga tashar mota in nausa, shi ya fara daga ƙofar gidan kakanmu ya taho, mu gamu a tsakiya.

Kullum da hantsi sai ya ɗauki kwamfuta ya shiga ɗakin Gwaggo, ka ji su kamar yara.

"Yaya, rijiyar nan ba dama da tsamiya take ba?"

"Hagu take. Kai da ko guga ba ka taɓa ja ba, ina za ka sani?"

"Ni da na hwaɗa cikinta?"

"Shi ya sa. Wanda ya hwaɗa rijiya ai sama yake kallo."

A ɓangarena kuwa labari ya bazu, kowa yana son a sa shi. Mai faci, mai shayi, masu lodin motar Katsina, duk sun zo shago sun nuna inda suke tsayawa. Akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a bakin tasha, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Baffa ne da kansa ya sa ta, kuma da yake babu irin 'yar ragar buhun da take fakewa ƙarƙashinta a cikin ma'ajiyar wasan, sai ya kafa mata rumfar kwano mai kyau. Da aka nuna mata ta yi dariya ta ce, "Allah ya nuna mana ta ido biyu, Alhaji." Bayan 'yan kwanaki na wuce tasha na sami Baffa da kafinta da tef ɗinsa, ana kafa azara. Na tambaye shi, ya ce, "Ni safiyo ne. Abin da ke kan taswira dole ya kasance a ƙasa. Ko in rushe waccan, ko in gina wannan." Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma ya hana a tayar.

Ranar da muka zo haɗa aikinmu, Inna ta shigo kallo da ludayi a hannu. Na kawo nawa a filashi, na adana kwafi, na jona ƙarshen tabarmata da farkon tasa. Baffa ya zauna mazaunin direba, ya ja ƙararrawa, jirgi ya tashi daga Kankiya yana wuce gonaki. Muna isa mahaɗa sai ƙasa ta ƙare. Tawa tana sama, tasa tana can ƙasa da zurfin da ya fi bene, tsakaninsu wata tsaga da ake hango shuɗin sama ta cikinta. Kan jirgi ya leƙa, ya tuntsura, taragai suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Inna ta yi dariya har ta dafa bango. Baffa bai yi ba.

"Babana, ƙasarka ta yi tsawo. Sauke ta."

"Baffa, daga taswirar tauraron ɗan'adam na ɗauko tsayin nan."

"Tauraron ya taɓa taka hanyar Kusada da ƙahwa? Ni na auna ta tun babu kwalta."

Na ce in na sauke tawa, gidajen Kankiya duka za su tsaya a iska, domin gini ba ya bin ƙasa in ta motsa. Ya ce in ya ɗaga tasa, gidan ubansa zai nutse har rufi. Maganar gaskiya babu wanda ya yi kuskuren awo. Ni daga kan titin tasha na fara ƙirga tsayi, shi daga bakin rijiyar gidansu, kuma ba mu taɓa zama mun tsayar da mafari guda ba. Amma a ranar babu mai kunnen jin haka. Ya rufe kwamfutarsa, na zare filashina.

Ya daina zuwa shago. In na je gaishe shi da safe sai ya amsa a gajarce, "Lahiya lau," ya ci gaba da murɗa rediyo. Rabin goron ma sai ya miƙa wa wani. A tsakanin nan jikin Gwaggo ya motsa, ta kwanta sosai, abinci sai kunu. Ranar da ta ɗan farfaɗo ta sa Inna ta kira mu, muka zauna a bakin gadonta kowa yana kallon wani bango.

"Ku biyu kun ba ni kunya," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ƙasar da ko gyaɗa ba a shukawa a cikinta, ita kuke gaba a kai? Kai an ce Babana, kai kuma ga hurhura har gira. Ni jirgi aka ce in jira, ina jira. Amma akwai wani mai zuwa ɗaukata, shi kuma ba ya makara. In kun ga dama ku riga shi."

Baffa ya sunkuyar da kai. Da muka fito ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe ka zo da mashin."

Na goya shi muka bi hanyar Kusada har daidai inda tabarminmu suka gamu, wani kwari mai goruba da 'yar ƙorama. Ya sauka ya yi ta tafiya a ƙasa, hannu a baya, ina biye. Ya tsaya nan ya hangi can, ya tsuguna ya runtse ido ɗaya. Gangara tana nan, amma doguwa ce, mai tafiya ba ya ma jin yana sauka. A gindin wata kuka ya zauna ya tsaga goro ya ba ni rabi.

"Kak ka sauke taka, ni ma ba ni ɗaga tawa," ya ce. "Mu ɗebe tabarmi kaɗan daga wajenka, kaɗan daga wajena, mu sa sababbi a tsakani. Nan za mu zuba bambancin, a hankali, har ya narke."

Haka muka yi, kuma ya ci mu lokaci fiye da yadda muka zata. Dogo muka fara shimfiɗawa, guda ɗaya miƙaƙƙe daga tuduna zuwa kwarinsa, da gangarar da jirgi mai kaya zai iya hawa ba tare da ya yi nishi ba. Sannan muka sa ƙasa ta taso ta tarbi dogon. Bayan nan muka bi bakin kowace tabarma ɗigo bayan ɗigo, shi yana karanto tsayin na wannan gefe, ni ina sa wa na wancan gefe daidai da shi, domin ko kaɗan suka saɓa sai ka ga siririn haske kamar tsagar bango. Idonsa ya fara rauni a lokacin, yakan karanta uku a matsayin takwas, in na gyara masa sai ya ce, "Jarraba ka nake."

Da tsayi ya daidaita sai wasu abubuwan suka fito. Ƙoramata ta shigo ta arewa, tasa ta fita ta kudu, dole muka lanƙwasa su suka gaisa. Kukar da muka zauna a gindinta kuwa ashe kowa ya dasa ta a nasa ɓangaren, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Na kai hannu zan share ɗaya, ya ce, "Bar su, tagwaye ne." Babbar matsalar ita ce launi. Ni damina na yi, kore shar, shi kuma kaka ya yi, karan dawa a tsaye, ƙasa ja-ja. Jirgi zai fito daga watan shuka ya faɗa watan girbi cikin ƙiftawar ido. Wannan karon ba mu yi musu ba, muka kai wa Gwaggo ƙara. Ta ce ita dammunan gero take son gani a jere a bakin gona. Sai na koma na girbe gonakin Kankiya kaf, Baffa yana zaune a bayana yana cewa, "Sannu da aiki, manomi." A mahaɗar kuma muka riƙa yayyafa jar ƙasarsa cikin farar tawa, farar tawa cikin jar tasa, muka watsa sabara da geza a kai yadda ido ba zai kama layi ba. Ya ce a juya ranar da ke haska wasan zuwa safiya, a juya ta zuwa yamma, saboda inuwa ce take tona asirin gyaran da bai yi ba. Inda duk ya ga ɗan ƙusumbi sai mun koma.

Wata Juma'a bayan la'asar muka jona kwamfuta da talabijin a ɗakin Gwaggo. Inna ta tayar da ita ta jingina mata matasai, ta ɗaura mata sabon kallabi, wai ba a tafiya da tsohon kaya. Baffa ya sa farar rigarsa ta masallaci, ya gyara hula, ya ce, "Fasinja sun shirya?"

"Tun kana goyo," in ji Gwaggo.

Jirgi ya yi kuka ya tashi. Ta ga tasha, ta ga rumfar mai ƙosai, ta ga titi yana bin mu a gefe har ya rabu da mu. Gonaki suka buɗe, dammuna a jere. Ta riƙa kiran sunayen itatuwa kamar tana gaishe su, ga gawo, ga ɗorawa, ga marke. Ni kuwa tun da na hango gorubar kwarin nan na ƙura wa dogo ido. Mun gwada wurin sau da yawa, amma ban manta da tuntsurawar farko ba. Na saci kallon Baffa, hannunsa a kan madanni ko motsi ba ya yi. Jirgi ya gangara, ya haye ƙorama, ya wuce tagwayen kuka, ya ci gaba da tafiyarsa.

Can Gwaggo ta ce, "Wai ina wurin da kuka yi ta hwaɗa a kai? In mun zo ku nuna mani."

Baffa ya yi murmushi bai juyo ba. "Mun wuce shi, Yaya."

"Yaushe?"

"Tun ɗazu."

Ta yi tsaki. "Ashe ma ba komi."

Da rumbunan bayan garin Kusada suka fara bayyana sai ta gyara zama. Baffa ya rage gudu, ya shiga da mu a hankali, ya tsayar da jirgi daidai ƙofar gidan kakanmu, domin nan ya kafa tasharsa. Ga zauren ƙasa, ga tsamiya, ga turken awaki, ga rijiya da gugarta a baki. Gwaggo ta miƙa hannu kamar za ta taɓa gilashin, sannan ta mayar da shi kan cinyarta. Ta daɗe tana kallo. Inna ta juya tana gyaran labulen da babu abin da ya same shi.

"Nan Iya take shanya kuka," Gwaggo ta ce a hankali. "Nan kuma ubanka yake zama, Babana, yana kuka in an hana shi bin mu kiwo."

Baffa ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Bayan wani lokaci ya ce, "To Yaya, mun iso. Mu juya?"

"Kashe injin," in ji ta. "Bar ni nan tukuna."

Ya kashe. Muka zauna tare da ita a Kusada har aka kira magariba.

Allah ya ba Gwaggo sauƙi bayan nan, tana nan da ranta, shi da yake tsoron kada ta riga shi ne ya riga ta. Ya Ubangiji, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sauƙaƙa masa hanya kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinka, ka sada shi da iyayensa a gidan da ba a rushewa. Mu da muka rage, ka ba mu haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Amin.